Gabar Gwanjo

Ba na shan taba, ba na caca, goro ma sai in an miƙo mini a wurin ɗaurin aure. Na daɗe ina tinƙaho da wannan kamun kai, har nakan tara ƙannena in yi musu wa'azi a kan almubazzaranci. Abin da ban taɓa sakawa a cikin wa'azin ba shi ne akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona. Babu takardar fili a ciki, babu ta gida. Tsofaffin rigunan ƙwallo ne, galibi na ƙungiyoyin Ingila, waɗanda wasu mutanen da ban sani ba suka sa, suka yi gumi a ciki, suka gaji suka yar. Ni kuma, magidanci da furfura a gemu, na bi su da kuɗina na tsinto, na wanke, na ninke, na zuba musu kafur don kada asu ya taɓa.

Duk wanda ya san Kasuwar Barci a Kaduna ko Ƙofar Wambai a Kano ya san yadda ake fasa dila. A yanke ɗauri, kaya su kumbura su baje, warin nan na gwanjo ya tashi, jama'a su yi ca a kai. Mata na neman kayan yara, 'yan acaɓa na neman rigar sanyi, ni kuma ina gefe, hannu a baya, ina leƙen ko zan hango jan ƙyalle mai farin hannu. Da farko dabara nake yi. In ɗaga riga da yatsa biyu, in yatsine fuska, in ce yara zan saya wa ta wasan ƙasa. Ashe mai dila ya fi ni iya karatun fuska. Rannan ina isowa na ji ya ce wa yaronsa, "Ɗauko wa Alhaji ajiyarsa." Aka zaro leda daga ƙarƙashin tebur: an ware mini riguna, an kuma ware mini farashi. Ban je Makka ba, amma tun daga ranar kuɗin Alhaji nake biya.

Kanu ne ya jawo mini, ko da yake bai sani ba. A farkon 1999 Arsène Wenger ya sayo shi daga Inter Milan, bayan aikin zuciyar da aka yi masa har ana cewa ƙwallonsa ta ƙare, sai unguwarmu kusan gaba ɗaya ta koma Arsenal. Wasansa na farko ma da rigima ya zo. Kofin FA ne da Sheffield United. Golansu ya fitar da ƙwallo waje don a duba wani da ya ji rauni, Ray Parlour ya jefa musu abarsu yadda aka saba, Kanu sabon zuwa bai san dawan garin ba, ya sure ta ya miƙa wa Marc Overmars, aka ci. Arsenal ta yi nasara 2-1, amma Wenger ya ce a sake wasan. Aka sake, aka kuma cinye su 2-1. Ranar na yanke wa kaina cewa dogon Bafaranshen nan mai tabarau mutumin kirki ne, duk wanda ya taɓa shi ya taɓa ni. Ban shawarce shi ba, shi ma bai nema ba.

Wanda ya kamu da wannan cuta yakan haddace wani ilimi da ba ya ciyar da kowa. Nuna mini ƙirjin riga in faɗa maka shekarunta. In ka ga tallan JVC a jikin ta Arsenal, tsakanin 1981 ne da 1999. Daga nan Dreamcast har 2002, sai O2 har 2006, sannan Fly Emirates. Rubuta sunan ɗan wasa a baya kuwa sai a 1993 aka fara a gasar Firimiya. Ranar haihuwar 'ya'yana sai na tambayi uwarsu, amma waɗannan ko daga barci aka tashe ni ba zan yi tuntuɓe ba. Da wannan lissafi na gano cewa 'yan watanni kawai Kanu ya yi yana sa rigar JVC kafin a sauya talla, don haka mai JVC a gaba da sunansa da lamba 25 a baya ita ce abin nema. Har yau ina nema.

Abin da na samu a madadinta shi ne wani yaro da ya turo mini hoto ta waya: ja mai farin hannu, JVC a gaba, Henry da lamba 14 a baya. Ya ce in yi sauri, akwai masu so a layi. Jiki na rawa na tura masa kuɗin da aka ware don gyaran famfon gida. Da ta iso na kira ɗan yayata, yaron da ni na ɗora shi a hanyar Arsenal tun yana rarrafe, na shimfiɗa ta a kan gado na ce ya zo ya ga tarihi. Ya juya gaba, ya juya baya.

"Kawu, Henry fa a watan Agustan 1999 ya zo daga Juventus. Lokacin ai an cire JVC."

Na sani. Abin takaicin ke nan, ni na koya masa. Ilimin yana nan cikin kaina, kwaɗayi ne ya hau ya danne shi. Sai na gyara murya na ce ai shi ya sa take da tsada, ba a samun irinta.

"Gaskiya ne, Kawu," in ji shi. "Ko Henry ba shi da irinta."

Da a kan riguna abin ya tsaya, da sai a ce sha'awa ce, kowa da tasa. Amma akwatin nan ba na ado ba ne, na shari'a ne. Hujjoji nake tarawa a kan wata ƙara da ba ni na shigar ba, tsakanin Wenger da Alex Ferguson, kuma lauyan ɗaya ɓangaren abokina ne na ƙuruciya, wanda ya yi mini babban abokin ango.

Ferguson ya zo Manchester United a watan Nuwamban 1986 daga Aberdeen, inda ya taɓa doke Real Madrid a wasan ƙarshe na wani kofin Turai a 1983. Lokacin da Wenger ya sauka Landan a 1996 daga ƙungiyar Nagoya Grampus ta Japan, Ferguson ya riga ya zama sarkin Firimiya, bai kuma ɓoye raininsa ba: ya kira baƙon ɗan koyo, ya ce ya tsaya a kan ƙwallon Japan da ya sani. Ɗan koyo ya kwashe kofin Firimiya da na FA a 1998. Shi ke nan wuta ta kama. Daga 1996 zuwa 2004 babu wanda ya ɗauki Firimiya in ba su biyun nan ba, United shida, Arsenal uku.

Abokina yakan fara da Villa Park a 1999, wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA: an ba Roy Keane jan kati, Peter Schmeichel ya tare fenaretin Dennis Bergkamp dab da tashi, sannan Ryan Giggs ya ɗauko ƙwallo tun daga tsakiyar fili ya yanke 'yan bayanmu ɗaya bayan ɗaya, ya ci, ya tuɓe riga yana kaɗawa. Ni kuma in mayar masa da watan Mayun 2002, da muka je har Old Trafford muka ɗauki kofi a gaban idonsu, Sylvain Wiltord ya ci, Kanu ya daka tsalle ya haye ta kansa don murna. Ka lura da "muka". Ban taɓa taka Ingila ba. A kakar nan ne Ferguson ya ce ƙungiyarsa ta fi kowa iya wasa, Wenger ya amsa masa da cewa ai kowa gani yake matarsa ta fi ta kowa kyau. Na taɓa maimaita wannan a gida ina ƙyaƙyata dariya. Uwargida ta tambaye ni ko ni ma gani nake yi kawai. Tuwon daren nan bai wuce da daɗi ba.

Matsalata ita ce lissafi ba ya bayana. Ferguson ya ajiye aiki a 2013 da kofin Firimiya 13 da na Zakarun Turai biyu. Wenger uku gare shi, sai na FA bakwai, na Zakarun Turai kuwa ko ɗaya. Wanda lissafi ya ƙi dole ya nemi shaida a wani wuri. Shi ya sa ranar da na ci karo da wata riga mai ruwan toka, da Sharp a ƙirji da alamar Umbro, na kusa rangaɗa guɗa a tsakiyar kasuwa. Irinta United ta sa a gidan Southampton a watan Afrilun 1996, aka zuba musu uku kafin hutun rabin lokaci, Ferguson ya ce launin rigar ne ya hana 'yan wasansa ganin juna, ya sa suka sauya. Aka tashi 3-1, ba su sake sa ta ba. Ko tayi ban yi ba. Na nufi shagon abokina, na baje ta a kan kanta a gaban masu sayayya, na ce ga aikin gwaninsa nan, mutumin da in an ci shi sai ya ɗora wa tela laifi. Ya shafa rigar a hankali, ya tambayi nawa na saya. Na faɗa, har da ɗan ƙari. Ya juya ga jama'a ya ce su shaida, ɗan Arsenal ya cire kuɗin cefane ya sayi rigar Man U, ta shekarar da suka haɗa Firimiya da FA suka ɗauke, lokacin gwanina yana Japan. Sannan ya ninke ta ya tura ƙarƙashin kanta, ya ce ya gode, Allah ya bar zumunci. Kunya ta hana ni cewa ba kyauta na kawo ba.

Wanda ya kusa raba mu da gaske shi ne wasan 24 ga Oktoban 2004. Arsenal ta gama kakar da ta wuce ba a doke ta ko sau ɗaya ba, nasara 26, canjaras 12, ta kuma iso Old Trafford da wasa 49 a jere ba ta faɗi ba. Cikin azumi ne, bayan la'asar, gidan kallo ya cika maƙil, janareta na ruri, baki duk ya bushe. Wayne Rooney ya faɗi a cikin yadi na 18, alƙalin wasa ya ba da fenareti, Ruud van Nistelrooy ya ci, Rooney ya ƙara ta biyu ana shirin tashi. Har gobe ina kan bakana, Sol Campbell bai taɓa shi ba. Bayan wasan aka yi hatsaniya a hanyar ɗakin sauya kaya, wani ya jefi Ferguson da yankin fiza. Sai a 2017 Cesc Fàbregas ya amsa cewa shi ne. Mu kuma a Kaduna muna fitowa ana shirin kiran magariba. Abokina ya ciro dabino daga aljihu ya miƙo mini, da wani murmushi da har yau ban yafe ba. Na ce na gode, ina da nawa. Ba ni da komai. Da ruwan butar masallaci na buɗe baki, na kuma ɗauke masa ƙafa har bayan Sallah. Ladan azumin ranar dai sai yadda Allah ya so.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ƙara nutsawa baya. Da na ji cewa tarihin da Arsenal ta karya na Nottingham Forest ne, wasa 42 a jere tsakanin 1977 da 1978, sai na bi sawun kocinsu, Brian Clough, na kuwa tarar da wata gabar da ta girmi tawa, tsakaninsa da Don Revie na Leeds United. 'Yan gari ɗaya ne, Middlesbrough. Revie ya ɗaga Leeds daga rukuni na biyu har ta ɗauki kofin lig a 1969 da 1974. Clough, wanda ya ɗauki nasa da Derby County a 1972, ya sha fitowa yana cewa wasan Leeds ƙeta ce zalla. Sai ga ikon Allah. Revie ya tafi horar da tawagar Ingila a 1974, shugabannin Leeds suka rasa wanda za su ɗora a kujerarsa sai babban mai sukarsa. Yana zuwa ya tara 'yan wasan ya ce su zuba lambobin yabonsu a kwandon shara, don ba ta hanyar gaskiya suka same su ba. Kwana 44 ya yi aka sallame shi, a daren kuma gidan talabijin na Yorkshire ya zaunar da shi kusa da Revie suka yi ta musu a idon duniya. Daga baya Clough ya karɓi Forest tana rukuni na biyu, ya ci lig a 1978, ya ci kofin Turai a 1979 da 1980. Ban taɓa kallon wasan ɗayansu ba lokacin da ake yi. Duk da haka nan da nan na zama mutumin Clough, na ɗauki karan tsana na ɗora wa Revie, bawan Allahn da ya rasu tun 1989.

A Ingila akwai wani ɗan littafi da ake sayarwa a ƙofar fili ranar wasa, mai sunayen 'yan wasa da jawabin koci da tallace-tallace, masu tara kayan tarihi kuma suna ji da shi. Na takura wa wani ƙanena da ke karatu a can har ya samo mini na wani wasan Leeds daga cikin kwanakin nan 44. Ya iso ranar da surukina ya zo duba jikokinsa. Dattijo ne mai kawaici, kuskurensa ɗaya ya tambaya ko takardar makarantar yara ce. Ni da ya kamata in durƙusa in gaishe shi in sulale, sai na gyara zama na zayyana masa komai, tun daga Middlesbrough har kwandon shara. Shayinsa ya huce. Da na kai aya ya yi shiru, can ya ce, "To, Allah ya kyauta. Su waɗannan mutane suna raye?" Na ce a'a, Baba, duk sun mutu. "Akwai abin da ya haɗa su da gidanku?" Na ce babu. Ya gyaɗa kai, ya dubi 'yarsa da wani irin tausayi, ya ce bari ya kama hanya kada dare ya yi masa.

Ita ma uwargida ta daure iya daurewa. Ranar da ta ce akwatin ya hana ta shara, na fito mata da hujjar da duk mai irin cutata ke ajiye da ita: ai jari ne. Na ba ta labarin rigar da Diego Maradona ya sa ranar da Ajantina ta fitar da Ingila a gasar cin kofin duniya ta 1986, wadda Steve Hodge ya karɓa a musayar riga bayan wasa, aka yi gwanjonta a 2022 a kan fam miliyan bakwai da 'yan kai. Har na ƙara mata da cewa Hodge ɗin yaron Clough ne a Forest, wai ko hakan zai taimaka.

"Waccan Maradona ne ya sa ta," in ji ta. "Naka wa ya sa su, Malam?"

Na leƙa wuyan wadda ke hannuna. An rubuta sunan wani yaro da biro, har da ajinsu.

Don in fanshe mutuncina na ɗebi kaɗan na mayar wa mai dila, in ji abin da kasuwa za ta ce. Mutumin da ke rantse mini cewa irinsu ba sa zuwa sau biyu ya riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya yana nuna mini inda wuya ya saki da inda rubutu ya ɓare, ya ce kasuwar jesi ta mutu, amma don mutunci zai karɓa a kuɗin tsumma. Na kwaso abina. Sawa ma ba ta yiwuwa, tumbi ya riga ya yi gaba. Ranar da na gwada mai duhun jan nan ta bankwana da filin Highbury, sai da aka kira yaro ya kama hannu ɗaya aka zare ni.

Sai kuma manyan suka ci amanata. Alamu sun daɗe da bayyana. A 2011 da United ta yi mana 8-2, kare Wenger Ferguson ya yi maimakon dariya, abin da ya fi cin kansa ciwo. A 2012 Wenger ya sayar masa da kyaftin ɗinmu, Robin van Persie, ya je ya ci musu kofi. Amma ranar 29 ga Afrilun 2018, zuwan Wenger na ƙarshe Old Trafford yana kocin Arsenal, na ga abin da ya fi ƙarfina. Ferguson ya fito bakin fili ya rungume shi, ya miƙa masa kyauta, suna ta dariya. Kafin mako ya zagayo Ferguson ya kwanta asibiti, jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa, Wenger kuma da ya tashi jawabin bankwana a filin Emirates, da yi masa fatan samun sauƙi ya buɗe. A 2023 tare aka shigar da su jerin gwarazan Firimiya.

Su da aka biya miliyoyi don su yi faɗan sun gama sun wanke hannu. Ni da ban samu ko sisi ba ina nan da akwati. Na so in ce ni kaɗai ne, amma na san unguwarmu. Akwai wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, da ba sa gaisawa tun wani zaɓe, alhali 'yan takarar da suka ɓata dominsu sun koma jam'iyya ɗaya, har ɗan wannan ya auri 'yar wancan, aka ci shinkafar biki ba a gayyaci ko ɗayansu ba. Tawa ma da sauƙi, ni ko ba komai ina da riguna.

Na daɗe ina juya abin a raina, sai kwanan baya na shirya na tafi shagon abokina da niyyar sulhu na dindindin. Na ce tunda masu abin sun bari, mu ma mu bari, mu koma kan abin da ya haɗa mu. Ya ce madalla, ya aika a kawo shayi. Muka shiga hirar gida: Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, yana jijjiga raga yana ihu bayan ya ci Bulgeriya a Amurka a 1994, Daniel Amokachi da Clemens Westerhof ya tsinto daga Ranchers Bees yana ɗan saurayi. Daɗi ya ɗebe ni na ce ai Najeriya ba ta taɓa yin koci kamar Westerhof ba. Ya zo a 1989, ya kai mu na biyu a Afirka a 1990, na uku a 1992, ya ɗauko kofin a Tunisiya a 1994, ya kai mu gasar duniya karon farko, har FIFA ta sa mu na biyar a duniya.

Abokina ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce wane Westerhof? Wanda yana gaban Italiya da ci ɗaya, saura minti biyu, su kuma mutum goma, ya bari Roberto Baggio ya farke? Ya ce tun asali mataimakinsa Bonfrere Jo ne ke yin aikin, shaida kuwa gasar Olamfik ta Atlanta a 1996: Burazil na gaba da 3-1 muka farke muka cinye su 4-3, muka doke Ajantina 3-2 muka ɗauko zinare, biyu daga cikin ƙwallaye ukun ma 'yan Kaduna suka ci, Celestine Babayaro da Amokachi. Na ce da yaran wa? Okocha, Oliseh, Amokachi, Uche Okechukwu, duk ginin Westerhof ne, Bonfrere fenti kawai ya shafa. Ya ce Kanu fa? Tijjani Babangida fa? Taribo fa? Murya ta fara tashi. Wani mai sayen sukari ya gaji da jira ya tafi.

Can cikin raina kuwa wani daɗi nake ji, don waɗannan biyun ba sa ba mutum kunya. 'Yan ƙasa ɗaya ne, Holan, sun yi aiki tare, suka ɓata, ɓacin da ya bi su har tsufa. A 2020, shekarar da Westerhof ya cika 80, Bonfrere ya yi masa wani zargi a kan wasan Italiyan nan, shi kuma ya maka shi a kotu a can ƙasarsu, kotu ta ba shi gaskiya. Na kawo wannan, abokina ya ce kotu ba ta buga ƙwallo. Nan take na fara tunanin inda zan samo rigar 1994 ta Adidas, ta asali, shi kuma ya ce ya san wanda ke da ta 1996 ta Nike.

Ɗan yayata, wanda ya rako ni, yana gefe yana latsa waya. Ya ɗago ya ce, "Kawu, ku yi haƙuri. A wasan ƙarshe da Zambiya a 1994, Emmanuel Amunike ne ya ci duka biyun. Ta wasan Italiya shi ya ci. A na Ajantina ma shi ya ci ta ƙarshe. Me zai hana a ce Amunike ne kawai, kowa ya huta?"

Muka dube shi, muka dubi juna. Abokina ne ya riga ni. Ya ce yaran yanzu ba su da tarbiyya, manya na magana suna tsoma baki. Na ce ƙwarai kuwa, waya ce ta lalata su. Muka haɗa kuɗi muka aike shi sayo tsire, ba na nan kusa ba, na can bakin titi. Yana ficewa abokina ya jawo kujerarsa kusa da tawa, ya ce in maimaita abin da na faɗa a kan fenti.